Na je kallon mutumin da ya makara

Abba ne ya kawo maganar, wata Laraba bayan isha'i, ina zaune a tabarma ina lissafin kuɗin 'yan dako. Shi ne ɗan farina, sunan mahaifina ya ci, don haka babu mai kiran sunansa na yanka a gidan. Yana karanta Ingilishi a jami'ar da ke Akoka, kuma tun da ya shiga aji biyu ba ya cin tuwo sai da littafi a gefen kwano. Ya durƙusa ya ce, "Baba, akwai wasan kwaikwayo da za a yi a Victoria Island ranar Asabar. Littafin da muke karantawa ne. Malaminmu ya ce duk mai hali ya je ya gani da idonsa." Na tambayi kuɗin shiga. Da ya faɗa sai na ajiye biro na dube shi. Na ce da wannan kuɗin ai sai a sa data ta wata guda a yi ta kallon fim har ido ya yi ja. Ya ce wannan ba fim ba ne, mutanen ne da kansu za su tsaya a gabanka su yi. Ya miƙo wayarsa da hoton tallan. Uwarsa ta leƙo ta bayan kafaɗata ta ce, "La! Ba mugun mijin nan ba ne?" Haka take kiran wani jarumin fina-finan Kudu da ba ta taɓa ganin ya fito a mutumin kirki ba. Kusa da shi a hoton wata dattijuwa ce da na san fuskarta tun ina yaron shago, muna leƙen talabijin ɗin maigidana.

Ita ce ta ce in raka shi, wai dare zai yi. Yaron da aka haifa a Ketu, yake jin Yarabanci kamar ɗan Ibadan, ya fi ni sanin lungunan Ikko, wai shi zan raka. Na dai gane nufinta. In ba filin Idi ba, ban tuna ranar da muka fita mu biyu ni da shi ba. Na ce a sayi tikiti biyu.

Ana sayar da tikitin a ƙofa, amma Abba ya ce da waɗannan fuskokin a jikin talla, wanda ya jira ranar sai dai ya ji labari. Ya buɗe shafin intanet ɗinsu. Za ka zaɓi rana, ka zaɓi lokaci, ƙarfe 3 na rana ko 7 na dare, sannan ka zaɓi aji: na gama-gari, ko na manya da ke layukan gaba. Ƙarfe 3 na ranar Asabar babu ɗan albasar Mile 12 da zai bar rumfarsa, saboda haka muka ɗauki na dare, na gama-gari. Katina ya ƙi, muka koma tiransifa. Banki ya zare kuɗi nan take, tikiti kuwa shiru. Na fara cewa ga irinta nan, an ci mu da rana tsaka. Sai da na yi wutiri na kwanta sannan ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ya shigo ta imel. Wani ɗan hoto ne mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari kamar saƙar faifai. Ya ɗauki hotonsa ya ajiye a waya, don kada a je bakin ƙofa sabis ya yi gardama.

Daren Juma'a na ce ya ɗan ba ni kan labarin, kada in je in zauna kamar an kai kurma wajen wa'azi. Sunan wasan Death and the King's Horseman, wato mutuwa da mai dokin sarki. Wole Soyinka ya rubuta, an buga shi a 1975, shekara 11 kafin a ba shi kyautar Nobel a 1986. Kuma ba ƙirƙira ce zalla ba. Abin ya faru a garin Oyo zamanin Turawa, marubucin ya sa shekarar 1946 a gabatarwarsa, sai dai a cikin wasan ya ja shi baya zuwa tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A al'adar masarautar, idan Alafin ya mutu, bayan wata guda mai dokinsa, wanda suke kira Elesin, zai bi shi don ya yi masa jagora. Ya ci daɗin duniya iya rayuwar sarki, ranar biyan bashi ta zo. Ni Oyo na san ta a matsayin inda motar albasa ke tsayawa tsakar dare direba ya sha shayi, na ratsa ta ba adadi ban taɓa tunanin tana da irin wannan labari ba. Abba ya ƙara da cewa dawakin da Oyo ta yi ƙarfi da su daga Arewa ake kawo su, kuma da yawa cikin masu kula da su mutanenmu ne. Na ce to ka ga Shamaki ke nan, sai dai namu Shamakin ba a binne shi da sarki. Na kuma gaya masa gaskiyata: kashe kai haramun ne, aya tana nan a Suratun Nisa'i, ban ga abin kallo a ciki ba. Ya ce, "Mu je dai, Baba."

Ƙarfe 4 muka bar gida. Muka shiga BRT a Mile 12, layin da aka fara da shi tun 2008, Abba ya taɓa katin Cowry sau biyu. Ojota, Maryland, Anthony, Fadeyi, motocin gefe a tsaye cik mu muna wucewa. Da muka kusa hawa gadar Eko ya taɓa ni ya nuna mini Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Iganmu, mai fasalin hular soja. An gina shi don bikin FESTAC na 1977, an kwaikwayo wani gini ne na birnin Varna a Bulgeriya, kuma a 2024 gwamnati ta sa masa sunan wannan Soyinkan da za mu je kallon aikinsa. Kusan shekara 30 ina wuce ginin nan, ban taɓa tambayar me ake yi a ciki ba. Daga TBS, wato dandalin Tafawa Ɓalewa, muka kira Bolt, muka wuce MUSON a Onikan, wanda shi ma ake irin waɗannan wasanni a ciki, muka tsallaka muka hau titin Ahmadu Bello. Sardauna da titi a bakin teku, duk sanda na bi ta nan sai na yi masa addu'a.

Magaribar Ikko tana faɗawa ne dab da ƙarfe 7, wannan kuwa duk Musulmin da zai je irin wannan kallon sai ya yi mata dabara. Dabarata ita ce wadda kowane Bahaushe ya sani a tsibirin nan: nemi masu gadi. A gefen babbar ƙofa, bayan ɗakin janareta, na samu uku da butarsu da tabarmar roba. Ɗayansu ɗan Tawa ne ta Nijar. Muka jira aka ga lokaci ya shiga, suka tura ni gaba. Da muka sallame ɗan Tawa ya dubi shaddata ya ce, "Alhaji, ciki za ku shiga?" Na ce e. Ya ce, "Shekarata uku a ƙofar nan, ganguna kawai nake ji. In kun fito ku ba ni labari."

A ƙofa wata yarinya ta haska wayar Abba da tata, ta yi ƙara, aka ce mu wuce. Farfajiyar cike take da manyan gwaggwaro da agbada da ƙamshin turare iri-iri, ni kuwa sai nake jin kamar warin albasa ya biyo ni duk da wankan da na yi. Ajin gama-gari babu lambar kujera, wanda ya riga shi ya zaɓa. Da yake mun tsaya salla sai muka samu layi na takwas, a bakin hanyar da ta raba kujeru biyu. Na yi ƙorafi a raina, ashe nan ne wurin. Ɗakin bai kai girman da na zata ba, mutum ɗari kaɗan zai ci. Sanyin esi kuwa kamar hunturun Jos. Wanda zai je ya tafi da abin yafawa. Babu labule. Dandamalin a buɗe yake, an kafa rumfuna da tire-tire da yadudduka a rataye, kasuwa ce da aka fara tashi. Aka yi kusan rabin awa ana jiran manya su cika kujerunsu na gaba, abin da ya ba ni haushi, don da na sani da na yi nafila a natse. Daga nan wata murya ta ce a kashe waya, ba a ɗaukar hoto, kuma babu hutun rabin lokaci. Abba ya raɗa mini cewa marubucin ne da kansa ya sharɗanta a yi shi a miƙe ba tsayawa.

Sai aka kashe fitilu.

Na san duhu, na tashi a ƙauye. Amma duhun da mutum ɗari da ɗari suke zaune a cikinsa kowa ya yi tsit daban ne. Ganga ta fara daga bayanmu, ba daga gaba ba. Gangan ce, irin kalangunmu, wadda ake matsewa a hammata tana magana. A waya kunne ke jin kiɗa. A nan sai na ji shi a ƙirji da cikin kujerar da nake zaune. Suka gangaro ta hanyar da ke gefena, makaɗa da maroƙi, shi kuma a gaba yana taku. Mugun mijin. Ya wuce ni da tazarar kamu ɗaya. Ya fi yadda yake a talabijin gajarta, akwai furfura a gemunsa, ƙafarsa babu takalmi, kuma tun bai hau dandamali ba gumi ya fara tsattsafo masa a wuya. Na ji warin gumin nasa. Gefen zanensa ya shafi gwiwata.

Turancin wasan mai nauyi ne, karin magana kan karin magana, ni kuwa nawa na kasuwa ne. In na ce na gane rabi na yi wa kaina adalci. Amma fasalin abin ba baƙo ba ne. Maroƙi yana zuga ubangidansa, ubangida yana mayar masa, kamar ɗan dambe yana kirari kafin ya shiga fili. Yana cika baki cewa kowa in ya ji kiran mutuwa sai ya ce ba da shi ake ba, manomi, malami, boka, har dabbobin daji, shi kaɗai ne ya buɗe mata ƙofa. Yana faɗa yana rawa yana wasa da matan kasuwa, ana ta dariya. Na yi dariya ni ma, har na manta mutumin nan ya ce daren yau zai mutu.

Sai dattijuwar ta fito a matsayin Iyaloja. Wannan sarauta ba sai an fassara mini ba. Duk wanda ya yi kasuwanci a ƙasar Yarabawa ya san uwar kasuwa, ya san in ta ce a rufe an rufe. Na ga zamanin Alhaja Abibatu Mogaji, mahaifiyar Tinubu, wadda ta riƙe kasuwannin Ikko har ta rasu a 2013. Matar nan ta ɗauko wannan zaman daram, ba ta ɗaga murya, ba ta gaggawa. Elesin ya hango wata budurwa ya ce sai an ɗaura masa aure da ita kafin ya tafi. Budurwar kuwa an riga an ba ɗan Iyaloja ita. Ta yi shiru, shirun da na ji tsawonsa a cikina, sannan ta ba shi, don ba a hana mai tafiya guzuri. Amma ta ja masa kunne kada abin da ya ɗanɗana a ƙarshe ya nauyaya masa ƙafa. A nan na gyara zama.

Fitowar Di'o da matarsa ta fi ko'ina ban dariya, kuma ita ce ta fara ɓata mini rai. Sun sa kayan egungun, dodon kakannin Yarabawa, da suka ƙwace daga hannun masu shi, suna gwajin rawa da su don za su je liyafar tarbar yariman Ingila. Saje Amusa ya shigo kawo rahoto. Ɗan doka ne na En'e, Musulmi. Da ya ga kayan ya juya fuska, ya ce ba zai yi maganar mutuwa da wanda ya sa rigar matattu ba. Di'o yana masa ba'a, wai kai da kake Musulmi me ya haɗa ka da wannan. Ɗakin ya ɗauki dariya. Ni kuwa na san inda Amusa yake tsaye. Ban yi imani da egungun ba ko ƙwayar zarra, amma in ya fito a unguwarmu nakan ja yara cikin gida in ba shi hanya, don zaman tare ya fi ƙarfin gardama. Sannan Turancin da ake wa dariya a bakin Amusa, irin nawa ne sak. Na saci kallon Abba. Shi bai yi dariya ba. Baturen da ya fito a Di'o, a ganina, ya cika wauta da yawa. Di'on da kakanninmu suka ba mu labari ba abin dariya ba ne, mutum ne da ake sauka daga kan jaki in an hango motarsa.

Akwai wurin da na so ƙasa ta tsage. Elesin ya fito daga ɗakin amarya riƙe da farin ƙyalle da jini a jiki, ya miƙa wa Iyaloja, mata suka ɗauki guɗa. Ga ni ga ɗan farina kafaɗa da kafaɗa. A gida da tuni na ce a canza tasha, ko na tashi kamar zan duba ƙofa. A nan babu rimot, babu fita, sai na ƙura wa ƙeyar na gabana ido har aka wuce wurin.

Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa ganin irinsa ba. Kiɗa ya sauka ƙasa-ƙasa. Fitila ta koma ja-ja kamar garwashi. Ya fara rawar tafiya, ba guba ba wuƙa, wai da ƙarfin niyya kawai zai saki ransa. Maroƙin yana kiransa da muryar sarkin da ya mutu, yana tambayarsa ko yana tafe, shi yana amsawa daga nesa, kowace amsa ta fi ta baya nisa. Ƙafarsa ta yi nauyi, sai ya ɗaga ta kamar mai tafiya cikin laka. Idonsa a buɗe amma ba ya ganin kowa. Ina jin numfashinsa daga layi na takwas. Wata a gabanmu ta ɗaga waya za ta ɗauka, ma'aikaciyar ɗakin ta zo ta dafa ta, ta sauke. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai tsinci bakina yana la haula, hannuna ya riƙe hannun kujera har ya yi zufa cikin wannan sanyin. Na san wasa ne, na san mutumin nan gobe zai fito a wani tallan a talabijin, amma jikina bai yarda ba.

Wurin liyafar Turawa ya ɗan ja, na fara jin yunwa. Sai ga Olunde, ɗan Elesin na fari, cikin kwat. Wani matashin jarumi ne da 'yan mata suka yi wa ihu da ya fito, har sai da aka yi ta cewa shhh. Di'o ne ya tura shi Ingila karatun likita ba da son ubansa ba. Ya ji labarin mutuwar sarki, ya san abin da zai biyo baya, ya hau jirgin ruwa ya taho binne uba. Ya tsaya yana magana da matar Di'o a natse. Ita ta ba shi labarin kyaftin ɗin wani jirgi da ya tarwatsa kansa tare da jirginsa don ya ceci mutanen gaɓa, shi kuma ya tuna mata dubban samarin da ya ga yaƙinsu ya nakasa a asibiti. Kiɗan nesa ya tsaya, ya ce shi ke nan, mahaifinsa ya tafi. Ya faɗa ba kuka, kamar mai alfahari.

Sai muka ji ihu daga bayan dandamali, da ƙarar ƙarfe. Aka shigo da Elesin da ankwa a hannu, da ransa. Ya ga ɗansa. Ya zube a ƙafarsa yana roƙon ya dube shi. Yaron ya tsaya kamar an dasa itace, ya dubi sama da kan uban, ya ce shi ba shi da uba, ya kira shi da sunan da ake kiran mai cin saura, ya wuce. Wata a bayanmu ta ce "Yee!" da ƙarfi. Ni ban ce komai ba, don a lokacin ba na cikin ɗakin.

A 2003, da damina, aka bugo waya shagon maƙwabcina, don ni ban mallaki tawa ba tukuna. Ƙanena ne daga gida, gefen Jega. Ya ce jikin Malam, mahaifinmu, ya yi tsanani, yana ta tambayata, in taho. Ina da mota guda ta albasa a hanya, rabin kuɗin bashi ne, kuma albasar damina ba ta jiran kowa, kwana biyu a cikin buhu ta fara ruwa. Na ce a gaya masa ina tafe. Motar ta lalace a Mokwa, na jira. Ta iso, na ce bari in sauke. Na sauke, na ce bari in sayar da rabi in samu na riƙewa, ai ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Kwana huɗu. Da na isa an yi kwana ɗaya da binne shi, ƙanena ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Na shiga ɗakin Inna na durƙusa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ka iso? Kayan sun sayu?" Bayan wata biyar aka haifi Abba.

Fage na ƙarshe a kurkuku ne, wani ɗakin ƙasa da aka taɓa tara bayi a ciki. Elesin a bayan ƙarafa, sarƙa a hannu, amaryar tana zaune a waje kanta a ƙasa, tun farkon wasan har ƙarshe ba ta furta kalma ɗaya ba. Ya ɗora wa Bature laifi. Ya ɗora wa amarya. Sai can, da murya ƙasa, ya yarda cewa tun kafin ƙarfen Bature ya taɓa hannunsa ƙafarsa ta riga ta yi nauyi, akwai wani ɓangare na zuciyarsa da ya ji daɗin zuwan masu kama shi. Shekara 20 da ɗoriya ina cewa mota ce ta lalace a Mokwa. Motar ta lalace, gaskiya ne. Kwana ɗaya ta ci a cikin huɗun.

Iyaloja ta zo, aka ja mata layi a ƙasa aka ce kada ta tsallake. Ba ta buƙatar tsallakewa. Daga inda take tsaye ta wanke shi tas, ba zagi, tambayoyi kawai da karin magana, irin maganar da gara a mare ka. Matan kasuwa suka shigo a jere suna waƙar makoki da Yarabanci, ɗauke da wani dogon ƙunshi a kafaɗa. Suka bi ta gefena. Suka ajiye, ta yaye zanen. Olunde ne. Ya biya bashin uban da kansa. Daga inda nake ina ganin tafin ƙafarsa, da ƙurar dandamali a jiki. Elesin ya dube shi, ya dube shi, kafin kowa ya ankara ya naɗa sarƙar a wuyansa ya ja. Ƙarar da ta fito daga maƙogwaronsa har yau ina jin ta. Amaryar ta tashi ta shiga, ta rufe masa ido, ta zuba 'yar ƙasa a kan kowane fatar ido. Fitila ta mutu.

Babu wanda ya tafa. Mun zauna cikin duhu ana jin shessheƙar wata can gefe. Sai da fitila ta dawo, matattun biyu suka miƙe suka riƙe hannun juna suka sunkuya, sannan ɗakin ya fashe, kowa ya tashi tsaye. Na tashi ni ma, gwiwata tana rawa. Ganin yaron a tsaye yana murmushi ya yi mini daɗi fiye da yadda zan iya faɗa wa kowa a kasuwa.

A farfajiya aka yi layin ɗaukar hoto. Abba ya ce sai mun kai wa uwarsa shaida. Mugun mijin yana zaune a kujerar roba, tawul a wuya, yana shan ruwa, hannunsa yana ɗan karkarwa. Sai a lokacin na tuna ya yi na ƙarfe 3, wato sau biyu ke nan ya mutu a yini ɗaya, gobe Lahadi ma haka. Wuyansa ya yi ja inda sarƙar ta bi. Da ya ga hulata ya ce, "Sannu Alhaji, ina kwana," ƙarfe 9 da rabi na dare. Na amsa masa da lafiya lau.

Ɗan Tawa yana bakin ƙofa. Ya ce, "Alhaji, yaya?" Na ce wani mutum ne aka kira shi ya tsaya yin wani abu. Ya jira in ci gaba, ya ga ban da niyya, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Kuɗin Bolt ya ninka saboda kowa ya fito lokaci ɗaya, muka shiga danfo zuwa Obalende. Muka yi isha'i a wani ɗan masallaci, muka tsaya wajen mai tsire. A nan gardama ta tashi. Abba ya ce yaron ya ceci mutuncin gidansu da na garinsu. Na ce yaron ya kashe kansa, uban ya kashe kansa, duka biyu haramun, ga likita guda an yi asara, ga yarinya an bar ta da takaba daren aurenta, babu wanda ya tambaye ta ko tana so. A kan wannan har yanzu ban sauya ba. Ya ce ai marubucin ma ya gargaɗi masu shirya wasan kada su mai da shi rikicin Bature da baƙar fata, abin yana cikin zuciyar Elesin ne. Na ce wannan kam na gani, ba sai Farfesa ya gaya mini ba. Mai tsire, wani ɗan Maraɗi, yana ta kallonmu yana barbaɗa yaji.

Muka samu tasi zuwa Ketu. Gadar Third Mainland ta fi kilomita 11, tun da Babangida ya buɗe ta a 1990 ban taɓa hawanta babu cunkoso kamar daren nan ba. Ruwa baƙi ƙirin hagu da dama, fitilun masunta can ƙasa wajen Makoko. Muna baya mu biyu. Ban dube shi ba, na dubi gilashi, na ba shi labarin 2003 tun daga wayar shagon maƙwabci har maganar Inna. Ban sa Mokwa a ciki ba. Da na gama ya yi shiru har muka kusa Oworonshoki.

Ya ce, "Inna ta gaya mini, Baba. Tun zuwan da muka yi ina aji uku a sakandare."

Na ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Ta ce Malam ya hana a sake bugo maka waya. Wai a bar ka ka sauke kayan mutane."

Direba ya juyo ya tambaya da Yarabanci ko ta Ojota za mu bi ko ta Alapere. Abba ne ya ba shi amsa.